Ranar da Zenia Ta Share Iska

Duk wanda ya zauna a Dubrova ya san akwai abu ɗaya da ba ya tsallake ƙofar gidan Zenia Hrabko, wato gwangwanin eta, ruwan nan mai saurin kama wuta da ake fesa wa inji don ya tashi. Kare ya shiga gidan, ɗan maraƙin da aka haifa cikin sanyi ya kwana a kicin ɗinta, har mashayin garin ya taɓa wayar gari a kan kujerar falonta. Amma gwangwanin eta, ko limamin coci ne ya zo da shi a aljihu, a waje zai bar shi. Mazan garin nan dariya suke yi, wai tsoro ne irin na mata. Su da ba su san komai a kan abin ba in ban da latsa kansa!

Ita kuwa Zenia a cikin warinsa ta ƙare 'yan matancinta. 'Yar manomi ce, ta fari a gidan da bakuna suka fi abinci yawa. Tana tasawa ta hau jirgin ƙasa ta yi gabas, can wajen Kebek, ta kama aiki a masana'antar albarushi. Auduga ake jiƙawa da asid, sannan a kwaɓa ta da eta da barasa har ta yi laushi kamar ƙullu, a matse ta ta fito siri-siri kamar taliya, a yayyanka, a busar, ta zama abin da ake ɗurawa a harsashi.

Ranar farko shugabar mata, wata doguwa mai suna Madam Jizel, ta kama hannun Zenia ta ɗiga mata ruwan eta a tafi. Fari tas kamar ruwan sha, sanyi ƙarara, kafin ta dunƙule hannu ya ɓace.

"Kin gani, 'yar ƙauye? Zafin jikinki kaɗai ya isa ya tafasa shi," in ji Madam Jizel. "To ina kike zaton ya tafi?"

"Sama."

"Duk wadda ta ce sama, ita muke fara binnewa. Zo nan."

Ta fita da sababbin 'yan matan tsakar fili, nesa da gini, ta jingina wani dogon indararo, ta kunna guntun kyandir a gindinsa, ta ɗora tsumma mai jiƙe da eta a can samansa. Ba a ga komai ya sauko ba. Can sai wuta ta tashi fuu daga kyandir ta bi indararon da gudu ta je ta cafke tsumman. Abin da Zenia ta ɗauka daga wurin ke nan har tsufanta: tururin eta ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana neman gangare, ido ba ya ganinsa, kuma in akwai wuta a ƙarshen gangaren, sai ta biyo shi ta zo har inda kake.

Ba a shiga aikin da takalmi mai ƙusa, ba a sa allurar gashi, ba a sa safar nailan, don ɗan tartsatsin da take yi a jiki ma ya isa. Tsohuwar kwalbar da bakinta ya yi farin gari, ba a murɗa ta, sai dai a kira masu ɗauka. Kafin yamma 'yan mata sun bugu da warin, ana ta ƙyalƙyala dariya ba dalili, abinci ba ɗanɗano, kai na sara. In suka shiga bas mutane su matsa, wai warin asibiti suke yi, domin a zamanin da shi ake sumar da wanda za a yi wa tiyata. Wasu ƙawayenta sun koma kamfanonin turare da na magunguna, inda da shi ake tatso mai daga fure da tsaba, suka tarar dokokin dai su ne. Zenia kuwa gida ta dawo lokacin da uwarta ta kwanta ciwo, ta je rawar biki, Metro Hrabko ya taka mata ƙafa sau biyu, ta aure shi.

Metro mutumin kirki ne, wannan ba gardama. Gajere, mai gashin baki kamar tsintsiya, yana yi wa shanunsa waƙa, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Aibinsa ɗaya: bayan Allah, ba abin da ya yarda da shi kamar eta. In sanyi ya kankama injin dizal ba ya tashi, sai an fesa masa ɗan eta a hanci, wato inda yake shan iska, nan take ya kama. To shi ma gwangwanin in ya sha sanyi ba ya fesawa, shi ya sa duk namijin garin nan, daga faɗuwar dusar ƙanƙara ta farko, yake yawo da gwangwani a aljihun cikin kwat, a kan ƙirji, kamar mai goyon jariri. Ka tambaye shi ranar haihuwar matarsa ya tsaya sosa ƙeya, amma gwangwani bai taɓa mantawa ba.

Taraktar Metro, wadda yake kira Sarauniya, ta sha eta har ta saba. Abin da ake yi wa shaƙa ɗaya, shi sai ya tsaya yana fesawa kamar mai kashe sauro, har cikin injin ya ci, ta koma ko da bazara ba ta tashi sai an ba ta.

"Ka mai da baiwar Allah 'yar maye," in ji Zenia.

"Maman Halya, ɗan tayi ne kawai nake yi mata."

"Tayi! Girarka ta hagu ma tayi ka yi da ita?"

Girar ta tafi ne ranar da ya fesa eta cikin taya ya ƙyasta ashana don ta hau kan ƙarfenta. Tayar ta hau. Girar ba ta dawo daidai ba har ya mutu.

Abin da ya sa har yau ake labarin Zenia ya faru ne ranar jajibirin Kirsimeti, namu na watan Janairu. A ranar ana yini da azumi, ba a zama cin abinci sai tauraron farko ya fito, kuma ba mai ɗaga cokali sai dabbobin gida sun ci tukuna. Tun makonni Zenia take mita cewa kowa ya rataya fitilu masu launi a rufin garkensa ban da su. Ana gobe jajibiri Metro ya gaji da mita, ya hau tsani ya rataya. Sai dai soket ɗaya ne a jikin falwayar tsakar gida, kuma a nan ake jona wayar da ke ɗumama injin Sarauniya. Ya zare ta tarakta, ya jona ta fitilu, ya shigo yana murmushi yana jiran yabo. Sanyi kuwa ya sauka arba'in ƙasa da sifili.

Da safe Sarauniya ta zama dutse. Shanu suna can makiyaya bayan itatuwa, yawancinsu da ciki, rabonsu da abinci tun jiya da hantsi. Dunƙulen ingirici ɗaya ya kai nauyin ƙaramar mota, ba tarakta ba ɗauka. A irin wannan sanyi kuwa abinci shi ne wutar saniya, in ta kwana biyu ciki ba komai, wasu za su yi ɓari, wasu ba za su tashi ba. Metro ya mayar da wayar ɗumama, amma injin da ya daskare haka sai gobe ya huce. Hanyar gari ta toshe. Gwangwani ɗaya ya rage, tsoho, mai lotsattsen wuya, shi ma a akwatin tarakta ya kwana, in an latsa sai ya yi ɗan tsaki ya yi shiru.

Da rana Orest ya iso a ƙafa, domin motarsa ma ta ƙi. Shi ne uban baftismar 'yarsu Halya, shi ya sa a yarenmu suke kiransa Kum, shi kuwa yana ce wa Zenia Kuma, kuma tun rasuwar matarsa a gidan yake cin abincin jajibiri.

"Kum, ka zo da naka?" Metro ya tare shi tun daga nesa.

"Nawa ya ƙare a kan waccan mushen motar. Kai ina naka?"

"Ya daskare."

"Kai da ake cewa da gwangwani aka haife ka? Yau duniya ta zo ƙarshe."

Zenia ta fito da burodin kitso a ƙunshe, za ta kai wa tsohuwa Paraska da ke tsallaken hanya.

"Baban Halya, ka sa shi a ƙirji ka jira kamar kowa. Ka ji shanun can kuwa?"

"Ina jinsu. Da ba don fitilun wata ba..."

"Fitilu na ce ka rataya, ban ce ka kashe tarakta ba. Kum, ka sa masa ido, kada ya yi mini wayo."

"Ni da nake azumi, Kuma? Idona ma ba ya gani sosai."

Paraska ba a shiga gidanta a fito da wuri. Sai ta ba ka labarin gwiwarta ta dama, sannan ta hagu, sannan ta surukarta. Da Zenia ta samu ta kuɓuta rana ta karkata. Ta hango mazan biyu can wajen tarakta sun juya mata baya, sun yi tsit kamar yaran da suka fasa tulu. Ta buɗe ƙofar kicin, ta sa ƙafa ɗaya.

Warin ne ya tare ta. Zaƙi-zaƙi, mai hawa kai, warin da ta baro a Kebek tun tana budurwa.

A daɓen kicin akwai ragar ƙarfe inda iska mai ɗumi ke fitowa daga murhun da ke ɗakin ƙasa. Nan ake shanya safar hannu, nan ta ajiye kwanon ƙullunta na ƙarshe don ya tashi, ta rufe shi da ƙyallen da uwarta ta yi wa ado da jan zare da baƙi. Yanzu ƙullun a buɗe yake. Ƙyallen yana gefe, ya rufe wani ɗan tudu, tudun kuma yana tsss a hankali. Ashe Metro ya ga ƙirji zai ɓata masa lokaci, ya shigo da gwangwanin ya ɗora a kan raga, har da lulluɓe shi da ƙyallen uwarta don kada ta gani! Zafi ya buge lotsattsen wuyan, ya fara yoyo.

Murhun a lokacin hutawa yake, iska ba ta fitowa daga ragar. Ke nan ragar ta zama rami, ramin ya zama indararon Madam Jizel, kuma a gindinsa akwai ɗan harshen wutar nan da ba ya mutuwa dare da rana. In ta bar ƙofa a buɗe sanyi ya shiga, murhun zai farka ya kunna babbar wutarsa. Zenia ba ta taɓa makunnin fitila ba, ba ta yi ihu ba. Ta ja ƙafarta baya, ta rufe ƙofar, ta zagaya bayan gida da gudu cikin dusar da ta kai gwiwa, ta kama kan tankin iskar gas da hannu biyu. Ya ƙi. Ta sa ƙirji ta murɗa da dukan jikinta, tana ambaton sunan Metro da na ubansa da na kakansa. Ya juya. Ta murɗe shi tamau.

Sannan ta dawo ta wangale ƙofar gaba da ta baya, ta tura tagar ɗakin ƙasa daga waje da ƙafa, ta shiga ta sunkuci gwangwanin da ƙyallen gaba ɗaya ta yi jifa da su cikin dusar ƙanƙara. Ta ɗauki tsintsiyarta ta kara, ta fara shara daga bakin raga zuwa ƙofa, a sunkuye, dogon ja, dogon ja, a daɓen da ta goge tun safe har yana ƙyalli.

A haka mazan suka same ta.

"Kuma, lafiya? Me kike sharewa?" in ji Orest.

"Haukan amininka."

"Ai ban ga komai ba."

"Shi ya sa nake share shi. Tsaya nan! In ka taɓa lofen nan naka sai na karya maka hannu."

Orest ya zare hannu daga aljihu a hankali. Metro ya leƙo ta bayan kafaɗarsa.

"Maman Halya, ɗan lokaci kaɗan ne fa na ce..."

"Rufe mini baki. A kan raga! A kan ragar murhu, Metro! Gida kake so ka tayar ko tarakta?"

"Ai na rufe shi."

"Ka rufe shi! Kum, ka ji? Ya rufe shi. Da ƙyallen uwata ya rufe shi, don wuta ta ji kunya ta koma."

Tsallaken hanya Paraska ta manna fuska a taga, ta ga ƙofofi a wangale cikin wannan sanyi, ta ga mace tana sharar iska, ta yi alamar gicciye ta ɗauki waya. Kafin Zenia ta gama, rabin Dubrova sun ji cewa azumi ya taɓa mata kai.

Da ta gama ta durƙusa ta kai hanci daɓe ta shinshina, ta sauka ɗakin ƙasa a cikin duhu ta sake shinshinawa a gindin murhu. Saura kaɗan, iska za ta kwashe shi. Ta fito ta tarar Metro ya tono gwangwanin yana girgiza shi a kunne. Ba motsi. Ya latsa, ko tsaki bai yi ba.

Rana ta kusa taɓa itatuwa. Daga bayansu kukan shanu yake zuwa, ba irin na safe mai ƙarfi ba, wani ja-ja mai rauni. Metro ya zauna a kan matakala, ya ajiye gwangwanin tsakanin ƙafafunsa. Ba wasa a fuskarsa yanzu.

"Jar saniyar nan ba za ta kai safe ba," ya ce. "Watan gobe za ta haihu."

Orest ya je ya zauna kusa da shi.

Zenia ta je ɗauko ƙyallen uwarta, ba don komai ba sai don kada iska ta tafi da shi. Tana ɗagawa ta ji nauyinsa. A jiƙe yake. Abin da ke ɓacewa a tafin hannu kafin ka dunƙule, a wannan sanyi ya lafe a cikin zare ya ƙi tafiya. Ta tsaya riƙe da shi nesa da fuska. Tun ranar da ta bar masana'anta ta rantse ita da eta sai dai a lahira in ana amfani da shi a can. Shanun suka sake kuka.

"Tashi ka hau," ta ce.

"In hau ina?"

"Kan matarka ta ƙarfe. In na ce murɗa, ka murɗa. Kum, matsa can baya, kai da lofenka."

"Ke za ki ba ta?" Metro ya zaro ido. "Ke?"

"Za ka hau ko sai na hau da kaina?"

Ya hau. Ta tsaya a gefen da iska ke bugun bayanta, ta miƙa hannu iya tsawonsa, ƙyallen yana lilo kusa da hancin Sarauniya.

"Matso da shi sosai! Manna mata!" in ji Metro daga sama.

"Shaƙa ɗaya za ta yi, ba wanka ba. Murɗa."

Injin ya yi gurnani kamar mai ciwon haƙori. Ya sake. A na uku Sarauniya ta yi tari, ta yi atishawa, ta tofar da baƙin hayaƙi, ta kama da wata ƙara da ta kori tsuntsaye daga rufin garke. Da kamawarta ta zuƙe ƙyallen daga hannun Zenia ya manne a ragar hancinta. Zenia ta fizgo shi da ƙarfi, ya fito da baƙin zobe a tsakiya, daidai kan furannin uwarta.

"Ta tashi! Maman Halya, ta tashi!"

"Na ji, ba kurma ba ce ni. Tafi ka ba su abinci, kada ka kuskura ka kashe ta."

Ya tafi yana waƙa da dunƙulen ingirici a gaba, Orest a maƙale a baya yana riƙe da hularsa. Kafin su dawo tauraron ya fito a saman garken, kusa da fitilun da suka jawo duk wannan.

Da kwat da hula suka ci abincin jajibirin. Zenia ta ƙi a buɗe gas sai da ta sake sauka ta shinshina ta gamsu, gidan kuwa bai yi ɗumi da wuri ba. Miyar borsh ta huce tun kafin ta kai baki, ƙullun da ke kan raga ya zama dutse, furannin da ta raina a taga tun kaka duk sun langaɓe sun yi baƙi. Orest ya ɗebi dafaffiyar alkama da zuma, ya ce bai taɓa cin abinci a cikin firiji ba sai yau, kuma ya yi daɗi.

"Jar ta ci?" Zenia ta tambaya.

"Ta ci har tana ture 'yan uwanta," in ji Metro. "Amma fa kin ga amfaninsa yau."

"Ci abincinka, Baban Halya, tun ina ganin darajar ranar."

Bayan biki Metro ya kafa ɗan akwatin katako na ajiye gwangwani a jikin falwaya, ya ƙara soket na biyu. Jar saniyar ta haifi mace.

To ku ji yadda mazan garin nan suke ba da labarin a shagon gyaran taya: wai ranar da Metro Hrabko ya tayar da Sarauniya a arba'in ƙasa da sifili da gwangwanin da ba komai a ciki. Metro! Tanki, tsintsiya, ƙyalle, ko ɗaya ba ya shiga labarin. In an ambaci Zenia to don a ce ita ce ta share iska, a yi dariya.

Yanzu ta tsufa, Metro ya rasu, Sarauniya tana bayan garke ciyawa ta fito ta cikin tayoyinta. Sababbin taraktoci ma an hana a ba su eta, wai yana fasa musu inji. Ƙyallen nan mai baƙin zobe har yau shi take rufe ƙullu da shi, ta wanke ta wanke ya ƙi fita. Kuma duk namijin da ya zo gaishe ta da sanyi, ko mijin Halya ne da yake aikin ofis bai san hancin tarakta daga wutsiyarta ba, sai ta tare shi a bakin ƙofa ta bubbuga masa ƙirji da tafin hannu, hagu da dama, ta tabbata ba gwangwani, sannan ta ce ya shigo ya sha shayi.